Ƙunshin hoto da bidiyon yaye ɗalibai: abin da situdiyo ke sayarwa da abin da iyali ke samu

Daga watan Yuni zuwa Agusta, da zarar an ajiye biron WAEC da NECO, shafukan masu ɗaukar hoto a Kano, Kaduna da Zariya sukan cika da tallar abu guda, wato ƙunshin yaye ɗalibai. Suna ya bambanta daga wannan situdiyo zuwa wancan, amma kayan ciki kusan iri ɗaya ne: zaman hoto da aron rigar yaye da hula mai tunku, ɗaukar taron kansa, gajeren bidiyo na sakan 30 zuwa 60 don TikTok da Instagram da sitatus, dandamalin nan da kyamara ke zagayawa da ake kira 360, wani lokaci har da ƙaramin jirgin ɗaukar hoto daga sama. Wannan sharhi a kan irin wannan ƙunshi yake. Hukuncinmu a kansa shi ne, ɓangaren da ake yi don waya ya ƙware ƙwarai, ɓangaren da iyali za su ajiye a gida kuwa an yi masa riƙon sakainar kashi, kuma mai biyan kuɗi ba ya ganewa sai bayan an watse.

Sai an san yadda bikin ya sauya kafin a fahimci dalilin hakan. A jami'o'in gwamnati da yawa, bikin yaye na hukuma yakan zo ne watanni da yawa bayan ɗalibi ya gama, wani lokaci a haɗa zangon karatu biyu ko uku a taro guda, lokacin wasu suna bautar ƙasa, wasu sun yi aure sun bar gari. Sai ɗalibai suka ƙirƙiri nasu: ranar jarrabawar ƙarshe a sa farar riga, a fito da maka, kowa ya rattaba hannu a jikin ɗan'uwansa. Sayin-awut ke nan. Daga jami'a ya sauko sakandare, rigar yaye kuma ta sauko har firamare da nazare. Abin lura shi ne wannan bikin yana zuwa ne kafin fitowar sakamako. Ana ɗaukar hoton nasara kafin a san wanda ya ci da wanda zai dawo ya gyara darasi, alhali ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Situdiyo ba ita ta kawo wannan ba, amma a kansa ta gina kasuwarta, domin abin da ake buƙata a ranar shi ne abin ɗorawa kafin magariba.

Mu fara da gajeren bidiyon, tunda shi ne zuciyar ƙunshin, kuma nan ne aka fi yin ɓarnar da ba a gani. Bidiyon TikTok da na sitatus a tsaye yake, faɗi 1080 tsawo 1920. Kyamara kuwa a kwance ta saba ɗauka, faɗi 1920 tsawo 1080. Idan aka ɗauka a kwance sannan aka yanko na tsaye daga ciki, abin da ke saura faɗinsa bai wuce fiksel 608 ba, ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na faɗin asali. Wannan lissafi yana da ma'ana biyu. Ta farko, hoton zai yi dishi-dishi idan aka buɗa shi ya cika fuskar waya. Ta biyu ita ce mai ciwo: filin da ya rage mutum ɗaya yake ɗauka. Ɗalibi yana tsakiya, Baba a dama, Umma a hagu, malamin da ya miƙa takardar shaida a gefe, to duk su ne ake yankewa. A bidiyoyin da ake bayarwa sau da yawa za ka ga hannun riga da gefen mayafi kawai, ba fuska.

Wasu masu ɗaukar sun magance matsalar farko ta hanyar juya kyamara a tsaye tun daga farko. Hoto ya fito tas, amma an ƙara tsananta ta biyu, don yanzu babu ma wani fayil da iyaye suke ciki. Har tsarin taron ya fara bin kyamara: a ce ɗalibi ya tako shi kaɗai, ya juyo, ya ɗaga hula, a maimaita sau uku, iyaye su jira a gefe har a gama. Maganin yana da sauƙi kuma situdiyon da ta san aikinta tana yi. A ɗauka a kwance da ingancin 4K, wato 3840 da 2160. Yankan tsaye daga ciki yana ba da faɗin kusan 1215, ya ishi sitatus har da rara, cikakken na kwance kuma yana nan da kowa a ciki. Ko kuma a zo da mutum biyu, ɗaya da waya a tsaye, ɗaya da kyamara a kan ƙafa uku a kwance. Ku yi wannan tambaya kafin ku ba da kafin alƙalami: a kwance za a ɗauka ko a tsaye, kuma za a ba mu wanda ba a yanka ba? Wanda ya yi inda-inda wajen amsawa, kun san abin da za ku samu.

Sauti shi ne rauni na biyu. Kusan kowane gajeren bidiyo ana shafe sautin wurin a ɗora waƙar da ke tashe a makon. Ga sayin-awut wannan ba wani asara ba ne, ihu ne dama. Amma ana sayar da wannan ƙunshi ɗin ga walimar saukar Alƙur'ani, kuma a nan kuskure ne babba. A sauka, abin da aka taru dominsa shi ne karatun: yaro ya riƙe allonsa mai zayyana, malam ya biya masa Fatiha da farkon Baƙara, ya maimaita, a yi addu'a. Idan aka rufe wannan da waƙa, ko da ta yabo ce, an bar hoton allo an zubar da saukar. Idan ma an bar sautin, makirfon jikin kyamara daga nesa amsa-kuwwar lasifika da ƙarar janareta yake kwasowa. Abin da ya dace shi ne ƙaramin makirfon maƙalawa a wuyan riga, kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, ko a ja waya kai tsaye daga na'urar haɗa sauti ta masu lasifika zuwa rikoda. Mai ɗauka ya sa abin ji a kunne ya gwada minti goma kafin a fara. Ga mai hijabi a maƙala shi ta waje, domin idan ya shiga ƙarƙashin yadi, gogar yadin ita za a ji. Akwai kuma matsalar haƙƙin mallaka: Instagram da Facebook sukan kashe sautin bidiyon da aka ɗora masa waƙar wani ba da izini ba, sai a wayi gari bidiyo ya zama bebe. Ku nemi kwafi guda mai sautin wurin zalla.

Zaman hoto na cikin situdiyo shi ne ɓangaren da ya fi cancantar kuɗinsa. Haske a hannunsu yake, bango a shirye, kuma masu aikin sun iya tsayar da mutum. Ƙorafi ɗaya ne, amma mai nauyi: gyaran fata. Ana goge fuska har ramukan gashi su ɓace, a ɗaga haskenta har ta bambanta da wuya da hannu. Yarinya baƙa kyakkyawa ta fito fara sol, kakarta ta karɓi hoton tana tambayar ko wace ce. Masu situdiyo sukan ce abin da kwastoma ke so ke nan, kuma akwai gaskiya a ciki, don filtar waya ta riga ta saba wa ido da wannan kamar. Amma hoton yaye shaida ne na yadda mutum yake a shekarar da ya gama. A cire ƙurji da maiƙon goshi, a bar launin da Allah ya ba shi. Ku faɗa tun farko, kuma ku nemi a nuna muku hoto ɗaya da aka gyara kafin a bi sauran.

A waje kuwa aikin yakan sha bamban. Farar rigar sayin-awut, baƙar rigar yaye da baƙar fata a hoto ɗaya jarrabawa ce ga kowace kyamara. Idan aka bar ta ta auna haske da kanta, ko dai farar rigar ta ƙone har rubutun maka ya ɓace, ko fuska ta nutse a duhu. Ƙari a kan haka, hular yaye faffaɗa ce, rana tana tsaka sai ta jefa inuwa daidai kan idanu. Daga ƙarfe 11 zuwa 3 lokaci ne mafi muni, kuma shi ne daidai lokacin da ake fitowa daga jarrabawa. Mai ɗaukar da ya san hannunsa zai ja mutane inuwar bishiya ko baranda, ya auna haske a kan rigar don kada ta ƙone, sannan ya cika fuska da filashi mai sauƙi ko faifan mayar da haske. Zai kuma ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta gyara ba, don a iya ceto abin da ya yi duhu. Hoton iyali a bar shi sai bayan la'asar, ko kafin ƙarfe 10 na safe. Hoton jefa hula sama yana son saurin ƙyaftawar kyamara na 1/1000 na sakan ko fiye, in ba haka ba hulunan su zama baƙin hayaƙi a sama.

A cikin zauren taro akwai wata cuta da ake kira rawar haske, layuka masu duhu suna gangarowa a bidiyo. Wutar Najeriya 50 take bugawa a sakan, wayoyi da yawa kuma an saita su a hoto 30 ko 60 a sakan, tsarin ƙasashe masu wuta 60 irin Amurka. Da fitilun LED masu araha sai bambancin ya fito. A saita a hoto 25 ko 50 a sakan, ƙyaftawa 1/50 ko 1/100. Idan janareta ake amfani da shi kuma bugunsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, sai mai ɗauka ya zo da fitilarsa mai batir.

Dandamalin 360 shi ne abin da yara suka fi so, kuma shi ne ya fi cin lokacin taro. Faifai ne da ake hawa, faɗinsa yawanci santimita 80 zuwa 115, da hannun ƙarfe mai ɗauke da waya yana zagaya mutum, manhaja ta rage gudun bidiyon ta ɗora kiɗa. Sakamakon yana burgewa, ba musu. Amma ku yi lissafi: hawa, gyara tsayuwa, juyawa, sauka da tura bidiyo a waya, a ce minti 3 ga kowane ɗalibi. Aji mai mutum 120 awa 6 ke nan. Ba wanda zai jira, don haka layi yake farawa tun ana jawabin shugaban makaranta, a kira sunan wanda ya zo na ɗaya a lissafi a tarar yana kan layi. Makarantar da za ta ɗauki wannan hidima ta sa a rufe dandamalin har sai an gama raba kyaututtuka, a ajiye shi wajen zaure, a riƙa hawa uku-uku. A lura da gefen doguwar riga da jelar hijabi kada su shiga hanyar hannun ƙarfen, kuma ƙananan yara kada su hau ba babba a kusa. Rage gudu yana cin haske sosai, don haka a zaure mai duhu bidiyon yakan fito da ƙura-ƙura. Ga ɗan nazare, wannan kashe kuɗi ne kawai.

Jirgin ɗaukar hoto kuwa, sakan biyar yake bayarwa na taron jama'a daga sama inda ba a gane kowa. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA tana da dokokin izini a kansa, kuma tashinsa kusa da filin jirgi ko barikin soja neman magana ne. In an ce a ƙara kuɗi dominsa, a mayar da kuɗin kan mai ɗauka na biyu.

Yanzu ga inda aka fi cutar mai biya, wato miƙa aiki. Yawancin situdiyo ta WhatsApp suke turo hotuna, a matsayin hoto. A saitinsa na yau da kullum WhatsApp yana matse hoto, ɓangarensa mafi tsawo ya dawo kusan fiksel 1600, alhali kyamara mai megafiksel 24 tana ba da 6000 da 4000. A fuskar waya ba za ka ga bambanci ba. Ranar da aka kai shi wanki ne za a gani. Wanki mai kyau yana son fiksel 300 a kowane inci, don haka hoto mai inci 8 da 10 yana buƙatar 2400 da 3000, na bango mai inci 12 da 16 kuma 3600 da 4800. Abin da WhatsApp ya bari da ƙyar ya kai inci 5 ba tare da ya fashe ba. Ku ce a turo a matsayin fayil, ko ta Google Drive, ko ku kai filash a zuba muku. Bidiyon 4K yana da nauyi, a matsakaicin saiti yakan ci kusan gigabayit 45 a awa, shi ya sa masu situdiyo suke goge memori da wuri don aikin gaba. Kada a ɗauka cewa suna ajiye muku. A karɓa cikin makon, a kwafa wuri biyu. A tambaya kuma ko kyamarar tana rubutawa a memori biyu lokaci guda, don memori yana mutuwa, ranar yaye kuma ba ta maimaituwa.

Albam da firem an mayar da su ƙari na ganin dama, a wasu ƙunshin ma babu su sam. Wannan shi ne ainihin sauyin. Da can hoton yaye a bangon falo yake ƙarewa, baƙo ya shigo ya tambaya, a ce ai wance ce ranar da ta gama. Yanzu a sitatus yake ƙarewa, wanda ke ɓacewa bayan awa 24, sai kuma wayar ta faɗa ruwa ko a sace ta a kasuwa. Ko hoto biyar ne a wanke: ɗalibi shi kaɗai, shi da iyaye, shi da kakanni in suna raye, shi da malaminsa, da na aji gaba ɗaya. A rubuta wannan jeri a ba mai ɗauka a hannu, a kuma wakilta wani yaya ko ƙanwar uwa da ta san dangi ta riƙa tattaro su, don mai kyamara bai san wace ce Gwaggo ba.

Sai maganar da ba a rubuta ta a talla. Situdiyo da yawa suna ɗora hotunan kwastoma a shafinsu don jawo kasuwa, kuma fuskokin 'yan mata suka fi zaɓa. Daga nan wasu shafuka su kwashe, a shiga sharhi a kan jikinta da kwalliyarta, hoton ya isa inda iyayenta ba su taɓa zato ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sharɗanta amincewar iyaye ko mariƙi kafin a yi amfani da bayanan yaro, kuma hoton fuska yana ciki. Mafi yawan 'yan sakandare ba su kai 18 ba. A rubuta a rasit, ko a saƙon da za a iya nunawa gobe, cewa ba a yarda a ɗora ba sai da izini. Makaranta ma ta tambayi iyaye kafin ta ba situdiyo damar ɗaukar aji gaba ɗaya.

Akwai abubuwa biyu da bidiyo kan jawo wa mutum. Liƙi da curin furen da ake naɗawa da takardun naira suna ƙawata hoto, amma sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta wulaƙanta naira, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza wata 6 ba ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba ko duka biyun, kuma a 2024 EFCC ta gurfanar da mutane da hujjar bidiyon da ke yawo a intanet. A sa kuɗi a ambulan. Na biyu, ba ko'ina aka yarda da sayin-awut ba. A 2025 gwamnatin Sakkwato ta hana shi a makarantun sakandare, a shekarar kuma jihar Imo ta hana bikin yaye na 'yan nazare saboda nauyin da yake ɗora wa iyaye. Situdiyo ba za ta duba muku dokar jiha ko ta makaranta ba, in an kori taro kuma kafin alƙalami ya tafi.

Batun nauyin iyaye bai kamata a wuce shi ba. Idan makaranta ta ƙulla da situdiyo ta zuba kuɗin a cikin kuɗin yaye na dole, uban da ke da 'ya'ya uku a makarantar ba shi da zaɓi. Idan kuma aka bar shi ganin dama, sai a raba aji biyu a idon duniya, masu bidiyo da marasa shi, yarinyar da ta fi kowa maki tana kallon sitatus ɗin ƙawayenta ba nata. Tsarin da ya fi adalci shi ne makaranta ta ɗauki mai hoto ɗaya, a yi wa kowane ɗalibi hoto ɗaya lokacin karɓar shaida da hoton aji, kuɗi kaɗan a kan kowa, wanda ke son ƙari ya je situdiyo wata rana da kansa.

Ga wanda zai saya, ƙunshin ya dace da ɗalibin jami'a da ke son abin ɗorawa a ranar, kuma a wannan fannin kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Ga walimar sauka da yayen sakandare, kada a karɓe shi yadda aka tallata shi. A cire jirgi, a cire 360 in kuɗi bai kai ba, a sa makirfo, cikakken bidiyo a kwance da wankakkun hotuna a madadinsu. Kafin alƙalami kada ya wuce rabi, a rubuta adadin hotunan da za a gyara da ranar miƙawa, cikon kuɗin kuma sai an buɗe fayilolin a kwamfuta an ga girmansu.